Baƙar Giya Mai Ƙarfi: Tarihinta Daga Landan da Dublin Zuwa Ikeja

Giyar sha'ir, wato wadda Turawa ke dafawa da tsiron sha'ir da ruwa da yis, abin sha ne mai saurin lalacewa, shi ya sa har zuwa farkon ƙarni na 18 yawancinta a garin da aka dafa ta ake shanye ta, kamar dai yadda burukutu ba ya daɗewa a tukunya bai yi tsami ba. Da fataucin Birtaniya ya bazu a tekuna, aka sami sojoji da ma'aikata da 'yan kasuwa masu yawa suna zaune nesa da gida suna neman abin da bakinsu ya saba da shi, sai masu dafa giya suka shiga neman hanyar da za ta yi watanni cikin ganga a cikin jirgi ba ta ɓaci ba. Kafin zuwan firiji da dabarar kashe ƙwayoyin cuta ta hanyar ɗumamawa, makamai biyu kawai ke hannunsu. Na farko shi ne barasa, wadda ke samuwa idan yis ya cinye zaƙin da ke cikin ruwan tsiro, ta yadda gwargwadon yawan hatsin da aka zuba gwargwadon ƙarfin giyar, kuma da yawan barasa cikin ɗari ake auna wannan ƙarfi. Na biyu shi ne hof, furen wata shuka mai yaɗo wanda ke sa giya ɗaci, yake kuma hana ƙwayoyin da ke kawo tsami su yi yawa. Duk giyar da aka yi niyyar turawa nesa sai a ƙara mata ɗaya daga cikin biyun, ko ma a haɗa mata duka.

Giyar da ta fara dacewa da wannan sana'a ita ce fota, wata baƙa-baƙa da ta bayyana a Landan cikin shekarun 1720, wadda ta sami sunanta daga 'yan dakon birnin da suka fi kowa shan ta. Fota ce giya ta farko da aka riƙa dafawa da yawan gaske irin na masana'anta, domin tana son a ajiye ta watanni ta tsima, wannan kuwa sai mai jari da zai iya gina manya-manyan rumbunan katako ya cika su ya zauna jira. Girman rumbunan ya kai inda a watan Oktoban 1814 ɗaya daga cikinsu ya fashe a masana'antar Meux da ke tsakiyar Landan, ya fasa wasu, giya ta rushe bango ta malala cikin gidajen talakawan unguwar, mutum 8 suka rasu. Fotar da ta fi ƙarfi ita aka riƙa kira sitawut, sannu a hankali sunan ya tsaya da ƙafarsa. A 1817 wani mai suna Daniel Wheeler ya yi rajistar wata ganga ta ƙarfe mai juyawa da ake gasa tsiro a cikinta har ya yi baƙi ƙirin ba tare da ya kama wuta ba, daga nan masu dafawa suka gane cewa kaɗan daga wannan gasasshen tsiro ya isa ya rina farar giya ta koma baƙa, ya kuma ba ta ɗanɗanon ƙauri irin na gahawa da aka san sitawut da shi har yau.

Kasuwar ƙetare ta farko da ta yi fice wajen son mai ƙarfi ita ce ta Rasha da sauran ƙasashen bakin tekun Baltik. A zamanin sarauniya Catherine ta Biyu, wadda ta yi mulki daga 1762 zuwa 1796, masana'antar Anchor ta iyalin Thrale da ke Southwark, wadda ta koma hannun Barclay da Perkins a 1781, tana tura wa St Petersburg wata sitawut mai kauri da ƙarfinta ke kaiwa wajen 10 cikin 100. An sha faɗin cewa an ƙara mata ƙarfi ne don kada ta daskare a hanya, amma wannan bayani yana da rauni, tunda tafiyar gajeriya ce, kuma ba a yin ta sai ƙanƙara ta narke a tashoshin jiragen. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne masu saye ne ke son ta a haka, suna kuma da kuɗin biya. Daga baya kamfanin A. Le Coq ya shahara da durar wannan giya a kwalba yana kai wa Rasha, har harajin kwastan da yawan jabu suka matsa masa, ya sayi masana'anta a garin Tartu na Istoniya ta yanzu gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, don ya dafa ta a cikin daular. Wannan mataki, na ɗauke masana'anta a kai ta inda masu sha suke idan haraji ya yi nauyi, shi ne aka maimaita a Afirka ta Yamma bayan shekara hamsin.

Labarin Indiya ya fi yaɗuwa, ya kuma fi shan ƙari. Jirgi mai tafiya da iska yakan yi wata huɗu zuwa shida daga Landan zuwa Kalkata ko Madras, ya zagaya ta ƙarshen kudancin Afirka, ya ratsa tsakiyar duniya mai zafi sau biyu, ganguna na ta girgiza a cikinsa. George Hodgson, mai masana'anta a Bow kusa da inda jiragen Kamfanin Gabashin Indiya ke lodi, ya mamaye wannan ciniki saboda kusancinsa da tasha da kuma dogon bashin da yake ba kyaftin-kyaftin na jiragen, kuma a cikin kayansa akwai wata fara mai yawan hof da aka lura tafiyar na gyara ta. Masu dafa giya na garin Burton, waɗanda kasuwarsu ta Baltik ta durƙushe saboda yaƙe-yaƙen Napoleon da harajin da Rasha ta ɗora a 1822, suka juya ga Indiya, Samuel Allsopp a gaba, Bass na biye, sai ruwan rijiyoyinsu mai yawan gishirin jifsum ya ba su fara tas mai ɗaci wadda ta fi ta Landan. Ita ce aka sani da India Pale Ale. Abin da ake yawan mantawa shi ne ƙarfinta, wajen 6 cikin 100 ko sama kaɗan, bai wuce na giyar da ake sha a Ingila a wannan zamani ba, kuma ƙananan sojojin Birtaniya da ke barikokin Indiya fota aka fi tura musu, farar kuwa ta hafsoshi ce da manyan ma'aikata.

A cikin duk waɗannan, wadda ta fi nisan zango kuma ta rayu ba yankewa ita ce ta Dublin. Arthur Guinness ya karɓi hayar wata tsohuwar masana'anta a St James's Gate a ranar ƙarshe ta 1759, bisa yarjejeniyar shekara 9,000 a kan fam 45 kowace shekara, ya fara da giyar da aka saba a Ailan, sannan ya koma ga fota a shekarun 1770, kafin ƙarnin ya ƙare ya bar komai ya riƙe ta ita kaɗai. A 1801 aka fara dafa wata ta musamman mai suna West India Porter, wadda aka ƙara wa hof domin ta jure tafiya zuwa tsibiran Karibiyan, inda gonakin rake da bayi ke nomawa suka tara Turawa masu kuɗi. A 1827 aka rubuta kai ta Afirka karo na farko, zuwa Saliyo, a tsakiyar ƙarnin kuma ta ɗauki sunan da ta riƙe har yau, Foreign Extra Stout. Zuwa 1886, shekarar da aka sayar da hannun jarin kamfanin a kasuwar Landan, masana'antar St James's Gate ta zama mafi girma a duniya.

Wani abin lura a tsarin kamfanin na wancan lokaci shi ne bai cika dura giyarsa a kwalba da kansa ba. Yakan sayar da ita a ganga ga wasu 'yan kasuwa a Dublin da Liverpool da Landan, su dura, su manna nasu tambari, su tura ƙetare, kuma tunda yawancin masu saye a ƙasashen da ake kai ta ba sa karanta Ingilishi, sai tamburan suka zama hotunan dabbobi. Gidan Burke na da kyanwa, gidan Read na da kan kare, wani kuma na da kare ƙirar buldog, ta yadda mai saye a Singafo ko Penang dabbar yake kira, ba sunan Guinness ba. Ita kanta giyar da ke cikin kwalbar ta sha bamban da wadda ake zubawa a mashayar Dublin, domin ana ajiye ta wata da watanni a rumbun katako kafin a tura ta, inda wani yis na daji ke ci gaba da aiki a cikinta a hankali yana ba ta ɗan tsami-tsami da wani ƙamshi mai nauyi. Sai a 1904 wani masani a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kofanhegan, Niels Hjelte Claussen, ya bayyana wannan yis ya raɗa masa suna Brettanomyces, don a giyar Birtaniya ya same shi. Mashayin da ke Kingston ko Freetown ya saba da wannan ɗanɗano har ya ɗauke shi a matsayin ainihin yadda sitawut ta kirki take.

Babban dalilin da ya sa a yau ake ganin giyar ƙetare ta fi ta gida ƙarfi nesa ba kusa ba, a cikin Birtaniya da Ailan ya faru. A 1880 gwamnatin Gladstone ta soke harajin tsiro ta koma karɓar haraji bisa kaurin ruwan tsiron kafin yis ya shiga, wato mai ƙarfi ta fi mai rauni biya. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka ninka harajin sau da yawa, aka taƙaita hatsin da masu dafawa za su taɓa saboda ana bukatarsa don abinci, aka rage sa'o'in buɗe mashaya don ma'aikatan masana'antun makamai su zo aiki cikin hayyacinsu. Giyar talaka, wadda kafin 1914 ta haura 5 cikin 100, ta faɗo ƙwarai, kuma ko bayan yaƙin ba ta koma inda take ba, yaƙi na biyu ya sake danne ta. Wadda ake turawa ƙetare ba ta ƙarƙashin wannan haraji na cikin gida, masu sayenta kuma ba su nemi a sauya musu ita ba, don haka ta tsaya kusa da yadda kakanni suka san ta. Da Michael Ash ya ƙirƙiro wa kamfanin hanyar zuba sitawut da iskar naitirojin a 1959, wadda ke ba ta farar kumfa mai laushi, sai aka sami Guinness iri biyu masu suna ɗaya, ta famfo a Turai mai wajen 4.2 cikin 100, da ta kwalba a ƙasashe masu zafi mai 7.5. Ta biyun ce ta fi tsufa, ita ce kuma ta fi kama da abin da aka dafa a Dublin a ƙarni na 19.

A gaɓar Afirka ta Yamma, abin da Turawa suka fi shigowa da shi kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ne barasar jin mai araha daga Holan da Jamus, wadda harajinta ya riƙa samar da kaso mai tsoka na kuɗin shigar gwamnatin Kudancin Najeriya. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba da damar hana shigar da irin wannan barasa yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, musamman ƙasashen Musulmi, Lugard kuma ya yi amfani da ita ya haramta sayar wa 'yan ƙasa barasar Turawa a Arewa, ko da yake ana ci gaba da dafa burukutu a garuruwan da ba na Musulmi ba, Turawa suna sha a kulob-kulob nasu, baƙi daga Kudu kuma suna samu a unguwannin Sabon Gari. Giyar kwalba ta kasance abin shan akawu da malamin makaranta da ɗan kasuwa a biranen gaɓa, alamar mutum ya sami albashi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin UAC da Heineken suka kafa Nigerian Breweries a 1946, kwalbar Star ta farko ta fito daga Iganmu a Legas a 1949, ita kuwa laga ce, wato farar giya mara nauyi da ake tsimawa cikin sanyi, irin wadda ta samo asali daga tsakiyar Turai.

Guinness ya kafa kamfanin da zai riƙa shigo da kayansa Najeriya a 1950, cinikin ya yi ta hauhawa har ƙasar ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwanninsa na ƙetare. Da aka sami 'yancin kai a 1960, sabuwar gwamnati na son masana'antu a gida tana kuma ɗora haraji a kan kayan waje, sai kamfanin ya haɗa gwiwa da UAC ya gina masana'anta a Ikeja a 1962, wadda ita ce ta farko da ya gina da kansa a wajen Ailan da Birtaniya. Malesiya ta biyo baya cikin shekarun 1960, sai Duwala a Kamaru da Kumasi a Gana a farkon shekarun 1970, a Najeriya kuma aka ƙara ta Benin a 1974 da ta Ogba a 1982. Dabarar da ta sa hakan ya yiwu ita ce a dafa farar giya a inda ake, sannan a gauraya ta da wani baƙin ruwa mai kauri, marar barasa, da ake haɗawa a Ailan daga gasasshen sha'ir a turo, domin launi da ɗaci su zo ɗaya ko'ina.

Sauyin da ya fi komai ba wa sitawut ta Najeriya halinta ya zo ne daga matsin tattalin arziki. Da kuɗin man fetur ya faɗi, kuɗin ƙasashen waje ya yi ƙaranci, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga farkon 1988, sha'ir kuwa ba ya yi a ƙasar yadda zai wadatar. Kamfanonin giya suka koma ga dawa da masara, abin da ya zo da wahalhalu na gaske, domin tsiron dawa ba shi da isassun sinadaran da ke narkar da sitaci ya koma zaƙi kamar na sha'ir, yana bukatar zafi mafi yawa kafin ya nuna, ba shi kuma da ƙaiƙayin da ke taimakawa wajen tace ruwan, don haka sai da aka sauya injuna aka kuma riƙa sayo sinadaran daga waje. Abin da ya fito ya ɗan fi na Dublin zaƙi da kauri, ɗacinsa kuma na daban ne. Ko bayan an ɗage haramcin, dawa ta zauna a cikin haɗin, saboda ta fi araha kuma mashaya sun riga sun saba. Ta nan ne wannan tarihi ya taɓa manomin Arewa, tunda mafi yawan dawar ƙasar daga gonakinsa take fitowa, kuma wani kaso na buhunan da dillalai ke lodawa a manyan kasuwannin hatsi na Arewa masana'antun giya da na lemon malt ne ke sayensa, ko da wanda ya noma ta bai taɓa kai kwalba bakinsa ba.

Akwai ɓangaren wannan tarihi da bai kamata a wuce shi da sauri ba, wato yadda aka mai da ƙarfin giyar ya zama kamar magani. Daga 1929 tallan kamfanin a Birtaniya ya riƙa cewa tana da amfani ga jiki, har aka riƙa ba masu jego da waɗanda aka yi wa tiyata a kan zaton tana ƙara jini, alhali sinadarin ƙarfen da ke cikinta ɗan kaɗan ne da bai taka kara ya karya ba. A Afirka an ɗaura tallan a kan ƙarfi da mazakuta, abin da ya kai ƙololuwa da wani jarumin ƙage mai suna Michael Power, wanda aka fara nunawa a 1999 aka kuma yi masa cikakken fim, Critical Assignment, a 2003. Har yau akwai masu haɗa ta da madara ko tumatirin gwangwani wai don jini, wannan kuwa gadon talla ne wanda ilimin likita bai tabbatar ba. Hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya abin sha mai barasa cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara tun 1988, kuma baƙin launi ko kauri ba ya fitar da sitawut daga wannan rukuni.

Bambancin nan na ƙarfi shi ke kama matafiyi, ta kowace fuska ya fito. Ɗan Ailan ko ɗan Ingila da ya sauka Legas ya nemi Guinness, za a ajiye masa babbar kwalba mai santilita 60, a buɗe a gabansa, ya ga kumfa mai launin ƙasa-ƙasa da ke tashi da sauri ta kwanta, ya kurɓa ya ji kaifin iska da zaƙin ƙonannen sukari da ɗacin da ke daɗewa a maƙogwaro. Lissafin a fili yake, domin kofin da ya saba da shi a gida, mai mililita 568 a kan 4.2 cikin 100, yana ɗauke da tsantsar barasa wajen mililita 24, wannan kwalba kuwa tana ɗauke da 45, kusan ninki biyu, ga zafi ga ƙishirwa da ke sa a sha da sauri. Wanda ya ƙirga kwalabe kamar yadda yake ƙirga kofuna a gida zai sha ninkin abin da ya yi niyya bai ankara ba. Ɗan Najeriya ko ɗan Kamaru da ya je Landan shi kuma akasin haka yake samu, ta famfo takan zame masa salam, shi ya sa shagunan kayan Afirka a unguwanni irin su Peckham ke shigo da wadda aka dafa a Najeriya, suna sayar da ita da tsada a ƙasar da ke maƙwabtaka da inda aka ƙirƙiro ta. Daga baya ta shiga wasu manyan kantunan Birtaniya, inda masu neman giya mai ƙarfi daga cikin Turawa su ma ke saye.

A cikin shekarun 2000 cinikin Guinness a Najeriya ya wuce na Ailan kanta, ko da yake mafi yawansa a Kudu ne da tsakiyar ƙasar. A Arewa, bayan jihohi 12 sun ƙaddamar da shari'ar Musulunci daga 1999 zuwa farkon shekarun 2000, Zamfara a gaba, an hana sayar da giya a fili a yawancinsu, hukumar Hisba a Kano kuma takan farfasa kwalaben da ta kama, don haka abin da kamfanonin suka fi sayarwa a bainar jama'a a can shi ne lemon malt marar barasa, irin su Maltina da Malta Guinness. Haraji bai daina aikinsa ba a wasu wurare, domin a Malesiya da Singafo an rage wa Foreign Extra Stout ƙarfi saboda shi, ta Najeriya kuwa tana nan a 7.5 cikin 100. Ita ma mallakar kamfanin ta sauya hannu, tunda Guinness ya haɗe da Grand Metropolitan a 1997 suka zama Diageo, wanda ya sayar da reshensa na Kamaru ga Castel na Faransa, sannan a 2024 ya sayar da kashi 58.02 cikin 100 da yake da shi a Guinness Nigeria ga kamfanin Tolaram mai hedikwata a Singafo, ya riƙe sunan da tambarin, ana ci gaba da dafa giyar a Najeriya bisa lasisinsa.